Ƙarfe Uku a Tawa

Ƙarfe uku na dare, Tawa na barci,
ni ina tsugune gaban famfo
da bido shida a jere kamar ƴan lakwal.
Ya yi tari, ya yi kaki, ya yi shiru.
Na ce masa, yi a sannu, malam,
na ga wanda ya fi ka girma,
shi ma tafiya yake ya dawo.

Kwana goma da baro Zanzibar,
har yau yashi na zuba daga ɗinkin jakata,
fari fat, ba irin namu ba.

Sahiya ce ta matsa.
Tun muna benci ɗaya take da naci.
Ta ce, "Rufe shagon nan, Tsahara,
keken ɗinki ba ya mutuwa don an bar shi mako guda."
Mijinta Arzika ya aiko da kuɗin jirgi.
Na ɗaure cuku da kilishi da albasar Galmi,
sai ka ce can ba a ɗora tukunya.

Daren farko, ƙarfe uku ta tashe ni.
Na fito neman bido, kallabi a hannu,
sai ga teku a ƙofar gida
tana numfashi kamar saniyar da ta ƙoshi.
Babu layi.
Babu mai cewa ni na riga ki.
Na zauna kan dakali har aka kira asalatu.
Gaisuwarsu ban ji ba,
amma kiran, namu ne.

Da hantsi ruwa ya kwashe kayansa ya tafi,
ya bar jirage kwance kan haƙarƙari.
Na ce, "Sahiya, ashe nan ma ana ɗaukewa?"
Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
"Kafin la'asar yana nan,
kuma ba mai kawo takardar biya."

Kwana bakwai ban taɓa almakashi ba.
Na ci shinkafa da madarar kwakwa,
na ci wani abu mai hannu takwas
bayan Arzika ya rantse sau biyu halas ne.
Iska na warin kanumfari.
Na yi barcin rana a lilo tsakanin itace biyu,
barcin da rabona da shi
tun kafin in san kuɗin haya.
Idona kaɗai ya ƙi hutu:
duk matar da ta gifta sai na auna kafaɗarta,
duk zanen da ke kaɗa jirgi
sai na ƙirga riga nawa zai fitar.

Ran Laraba na shiga har gwiwa, da zanena.
Igiya ta zo ta janye ƙasa daga ƙarƙashin sawuna.
Na kama hannun Sahiya,
mata biyu masu furfura a goshi
muna ihu kamar an sako mu daga aji.
Daren nan ta tambaye ni,
ko har yanzu akwai kurnar bayan gidansu.
Na ce tana nan.
An sare ta bara. Ban faɗa ba.

Da na dawo Inna ta ce, "Ruwan, ana sha?"
Na ce gishiri ne.
"Ana ban ruwan albasa da shi?"
Na ce a'a.
Ta juya wurin da na kawo mata a tafin hannu,
ta ce, "To Allah Ya ba su haƙuri."

Yanzu ga ɗinkin biki ya taru,
Hajiya Indo ta aiko sau uku.
Amma wani abu ya kwance a kafaɗata
bai koma ya ɗaure ba tukuna.

Famfo ya sake tari.
Ga shi nan, siriri kamar zare.
Na tara bido na farko,
na kara kunne a bakinsa.
Idan ka saurara da kyau,
yana ɗan kama da can.